Tambayi Goggo: Me zan ɗora a saman bife na?

Salamu alaikum jama'ar wannan fili, barkanmu da shigowar hunturu. Wasiƙun wannan karon kusan duka akan abu ɗaya suka taru, wato bife, kabad ɗin gilashin nan da ake jera tangaran a ɗakin cin abinci, musamman samansa, shi yasa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Goggo ina wuni, ya gida ya yara. Ni amarya ce wata na huɗu da tarewa anan Garwa wajen Rumde Adjiya, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ranar jere gwaggonnina da ƙawayen Mama sun cika min cikin bife da faranti da kofuna da kayan shayi to wannan ba matsala yayi kyau sosai, amma abinda ya rage wanda bai samu wuri ba sai suka ɗora shi duka a sama, kuloli manya guda shida da wasu faranti da ko kwalinsu ba'a cire ba da fulawar roba har biyu da agogo da blanda, har ya kusa taɓa silin, ni wallahi duk sanda na shigo sai inji kamar shago na shiga, kuma yanzu da iska ta fara ƙura ce ja take zama akai kullum sai na hau kujera na goge, ga maigida yana ta cewa a rage, ni kuma tsoro nake in sauke Mama tazo taga an taɓa jerenta ranta ya ɓaci tace na raina wahalarta. Ya zanyi? Kuma in na sauke me zan sa a wurin dan kar ya zauna fayau?
Amarya, Garwa

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya sanya albarka a auren ya baku zaman lafiya. Bari in fara da maganar Mama dan ita ce mai nauyi, sauke kaya ai aikin hantsi ɗaya ne.

Kinsan kulolin nan da kike gani ba rana ɗaya aka saye su ba. Uwa tun 'yarta tana ƙarama take zubin adashe, in ta ɗauka ta sayi kula ɗaya ta kai ƙarƙashin gado, in wata zata Yola ko Mubi ko Kano ta bata saƙon faranti, haka haka har ranar da Allah ya kawo miji. To in kika tashi da kanki kika kwashe ta shigo taga wurin wayam dole taji wani abu a ranta ko bata faɗa ba. Amma kuma kowace uwa ta san jeren makon farko na idon jama'a ne, dangin miji sun zo ganin ɗaki, sun gani sun yaba, an fita kunya, aikinsa ya ƙare. Ita ma nata jeren ai bai zauna yadda aka yi mata shi ba. Dan haka kar kiyi a ɓoye, kuma kar ki kuskura kice mata maigida ne yace a rage, wannan kalma ɗaya zata iya ɓata tsakaninsu shekaru. Ki bari sai tazo, kin bata ruwa ta huta, sai ki nuna mata yatsarki da kika shafo ƙurar kice Mama kinga yadda ƙura da zafi ke cin kayan nan, tsoro nake su lalace tun ban more su ba, a ina kike ga ya dace in adana su? Zakiga ita da kanta ta miƙe tana nuna miki. Kuma ki bar ta ta zaɓi abu ɗaya da zai zauna a saman, ko da ba shine kika fi so ba.

Kuma ba dabara kika yi mata ba, gaskiya kika faɗa. Saman bife shine wuri mafi zafi a ɗakin saboda iska mai zafi sama take taruwa, balle gidan da rufin kwano ne silin ɗin kuma siriri, a Garwa da Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa ki ƙiyasta abinda ke can kusa da kwano. Robar bakin murfin kula bushewa take ta tsage, daga nan ta daina riƙe zafin abinci, farar roba ta koma ruwan ɗorawa. Kwali kuma gidan kyankyaso ne, a cikin ninkinsa suke saka ƙwai, in gara ta samu hanya shi zata fara ci kafin ta gangaro katakon. Kuloli ki ware biyu da kike zuba ma maigida abinci su koma kicin, sauran a ɗaure su cikin leda ko tsohon zane a kai ƙasan bifen ko sito sai ranar suna ko Sallah. Farantan a fidda su daga kwali a wanke a jera a ƙasa inda katako ne. Blanda kuwa wurinta kicin.

Fulawar roba, ni dai gaskiya bana sonta a ƙasarmu. A shago tana da kyau, amma ƙurar hunturu cikin kowane ganye take shiga, tsumma baya fidda ita sai an tsoma a ruwan omo, wanki biyu uku launin ya kwanta. In kina ƙaunarta ki sa ƙarama ɗaya a cikin gilashi inda ƙura bata kaiwa.

Yanzu ga saman fayau, kin goge shi. Kafin ki ɗora komai ki auna tsakaninsa da silin. Yawancin bifen da kafintocinmu keyi tsawonsu wajen santimita 180 zuwa 200 ne, sai ya rage miki ƙasa da mita ɗaya a sama. In abinda ya rage bai kai kamu ɗaya ba ki barshi haka nan, duk abinda kika cusa matsewa zaiyi. In da fili, abin da yafi tsawo kar ya wuce kashi biyu cikin uku na filin, a bar wa ido wurin hutawa. Abu uku sun isa, in bifen mai faɗi ne sosai biyar. Babba ɗaya, matsakaici, ƙarami, kuma kar ki jera su a layi ɗaya da tazara iri ɗaya, ki matso da biyu kusa da juna ɗaya ya ɗan shiga gaban ɗaya, na ukun ya ja gefe. Wani abu da mata da yawa basa lura dashi, bife yana da baki a sama da ya ɗan taso, wanda ke tsaye a ƙasa baya ganin gindin abinda aka ɗora, ƙaramin abu ma sai dai kiga murfinsa kawai. Ki sa kafinta ya yanko miki guntun katako mai kaurin bakin nan a shimfiɗa a ciki, kayan su tashi. Kina ɗorawa kina saukowa, ki duba daga bakin ƙofa, ki zauna kan kujerar cin abinci ki sake dubawa, dan baƙo daga wuraren nan biyu yake gani.

Me za'a ɗora? Anan ne nake so ki saurare ni da kyau. Cikin gilashi duk kayan waje ne, tangaran na Sin, kofuna na Dubai ko Turkiyya, masu ƙyalli masu ruwan zinari, to saman ki bar ma kayanmu na gida. Ki je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ki nemo babbar ƙwarya mai zane irin ta matan Fulani, ki haɗa da faifai mai launi. In wani zai je Marwa ki bashi saƙo wajen masu sana'ar hannu na gefen babbar kasuwa, akwai akwatunan fata ƙanana da kwanduna. Waɗannan basu da nauyi, ko sun faɗo basa fasa kan yaro, zafi baya narka su, kuma launinsu launin ƙasa ne, ƙurar kwana biyu bata tona musu asiri yadda take ma baƙin gilashi.

Akwai wani gida a Kakatare a Marwa da na taɓa shiga barka, wata dattijuwa, bifenta ma tsoho ne gilashin gefe ɗaya ya tsage. A sama ta naɗa gammo da jan ƙyalle ta ɗora ƙwarya akai a karkace, bakin ya jingina da bango gindin na kallon ɗaki, sai zanen ya fito sosai, layukan wuta baƙaƙe sirara suna zagaye suna haɗuwa a cibiya, wani wurin hannu ya shafe su saboda daɗewa. Bayanta faifai biyu a tsaye ɗaya ya ɗan rufe ɗaya, ja da baƙi, a gefe kuma tasa guda mai murfi an goge ta tana ɗaukar hasken taga. Shikenan abinda ke wurin. Duk matar da ta shigo sai ta ɗaga kai, kuma ba wadda ta tambayi kuɗin tangaran ɗin ciki, tambayar kowa ina kika samo ƙwaryar nan.

Maganar ƙura kuma, ki yanka tsohon zane ko takardar jarida daidai faɗin saman ki shimfiɗa ƙarƙashin kayan, ba mai gani daga ƙasa, duk sati biyu ki naɗe ki kakkaɓe a waje. Goga da tsumma mai ɗan laima, busasshe tada ƙurar kawai yake ta dawo ta zauna, kuma ƙurar tamu yashi ce mai laushi tana kankare ƙyallin katako. Ki kashe fanka kafin ki hau kujera dan Allah.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni magidanci ne a Njamena. Shekaranjiya yarona ɗan shekara uku ya jawo durowar ƙasa ya taka yana so ya ɗauko gwangwanin biskit da uwarsa ke ɓoyewa a saman bife, sai bifen ya rinjayo gaba kofuna suka zubo, Allah ya kiyaye yayarsa na kusa ta tare. Har yanzu jikina bai daina rawa ba. Gidan haya muke, mai gidan baya so a huda bango. Mene ne abin yi?
Baban yara, Njamena

AMSA: Innalillahi, Allah ya ƙara karewa ɗana, kuma a sa wa yarinyar nan albarka. Wannan ba maganar ado bace, yau ɗin nan za'a yi ta ba gobe ba.

Bife dogo ne kuma siriri, zurfinsa baya wuce santimita 40 ko 45, ƙofofin gilashi masu nauyi kuma a gaba suke, dan haka dama can nauyinsa gaba yake rinjaya, in aka buɗe ƙofa ko aka jawo durowa yaro ya taka, ƙaramin nauyi ya isa ya kawo shi ƙasa. In an ƙara masa kaya masu nauyi a sama abin ya ƙara muni. Magani a kama shi da bango. Kafinta ya sa ƙarfe biyu masu kusurwa a saman, gefe ɗaya a jikin katako mai ƙwari, ba falankin baya mai laushi ba, ɗaya gefen a bango da kusa mai murɗi da robarta. Huda biyu ne ƙanana da bife ke rufewa, ranar tashi siminti cokali ɗaya ya toshe su. Ka je wajen mai gidan da kanka ka gaya masa abinda ya faru yadda ka gaya min, ban ga dattijon da zai ji haka ya hana ba. In bangon na ƙasa ne robar bata kamawa, sai magini ya binne guntun katako a ciki a ɗaure a jikinsa. Kafin kafinta yazo ka sauke komai na sama, kayan nauyi su koma can ƙasa, ka cusa ɗan siririn katako ƙarƙashin ƙafafun gaba ya jingina baya, durowar kuma a kulle ta ko a cire ta gaba ɗaya.

Kuma ka gaya wa uwargida cikin lalama, duk abinda yaro ke so kar ya ga an ɗora shi a can, biskit, alewa, rimot, waya. Idonsa na gani ƙafarsa zata nemi hanya. Tunda muna kan maganar, gidaje da yawa saman bife ne ma'ajiyar magani da maganin sauro na feshi wai dan kar yara su kai. Ku duba jikin kwalin magani, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, gwangwanin feshi kuma an rubuta kar ya wuce 50, to zafin Njamena a bazara kusa da rufin kwano ba wurinsu bane. A nemi akwati mai kwaɗo a ɗaki mai sanyi.

In kuna so wurin kar ya zauna haka, Gawi na nan kusa daku, garin ƙabilar Kotoko da matansa suka shahara da ginin tukwane, ƙaramar tukunya ɗaya mai zane ta wadatar, amma sai bayan an kama bifen, kuma a tura ta can jikin bango.

TAMBAYA: Goggo kakata ce ta rasu aka bani tasoshinta guda huɗu da kwalla da samiru na da irin masu fulawa, inaso in jera su a saman bife na dan tunawa da ita amma tasoshin sunyi kore kore kwallar kuma bakinta yayi tsatsa, gashi mu nan Ngaundere damina doguwa ce komai sai ya riƙa warin sanyi har cikin bifen. Ƙanwata tace in zuba kafur.
Jikar Hajiya, Ngaundere

AMSA: Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ya kai haske kabarinta. Kin yi tunani mai kyau 'yata, irin kwallar nan yanzu ko da kuɗinki wahalar samu take, wasu sun sayar da na iyayensu wa masu gwangwan a banza.

Tasa ki jiƙa tsamiya tayi kauri, ko lemun tsami da gishiri, ki shafa ki bar shi ɗan lokaci, sai ki cuɗa da toka mai laushi wadda aka tankaɗe, ki ɗauraye sosai ki goge ta bushe nan take, in kika bar ta da ruwa tabon zai dawo. Koren nan guba ne, kar a ci abinci ko a sha fura a cikinta sai ya fita tas, kuma ki wanke hannu. Kwalla da samira kuwa kar soson ƙarfe ya taɓa su, abinda ke samansu kamar gilashi ne aka narka akan ƙarfe, in ya kankare ya tafi kenan. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi, inda ya ɓare yayi tsatsa ki goge da lemun tsami ki busar ki ɗan shafa mai kaɗan. In zaki ɗora wata kan wata yadda iyayenmu keyi, babba a ƙasa ƙarama a sama, ki sa ƙyalle tsakani, kuma hawa uku ya isa, hasumiyar nan mai hawa bakwai ta ɗakunan da a ƙasa ko kan gado ake yinta ba a kan abu mai mita biyu ba. Tasoshi huɗu da kwalla da samiru duka a lokaci ɗaya sunyi yawa, ki fidda rabi ki adana rabi, in Sallah tazo ki canza.

Ku naku daban ne da na Garwa da Marwa, kuna kan tudu sama da mita 1,000 ruwa kuma tun wajen Afrilu har Oktoba, damuwarku laima ce. Ki janye bifen daga bango kamar faɗin yatsu uku iska ta riƙa wucewa, ƙarfen da za'a kama shi dashi sai a sa mai ɗan tsawo. In ƙasansa irin katakon garin katako ne da aka matse, ruwan goge ɗaki na taɓa shi zai kumbura ya ruguje, a sa masa ƙafafu. Ranar da rana ta fito ki buɗe ƙofofin su sha iska, ki ajiye gawayi a ƙaramin kwano a lungu. Kafur kuma a'a, ba a wurin kayan cin abinci ba, warinsa kama kofi yake, yara kuma suna ɗauka alewa ce, akwai ma yaran da jininsu baya jure shi ko kaɗan sai ya fashe musu jini suyi shawara. Kanumfari ko busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle sun fi miki.

TAMBAYA: Ɗana yayi sauka an yi masa allon zayyana, ya halatta in sa shi a saman bife tare da Alƙur'ani? Kuma nan nake ajiye kaskon turaren wuta da kwalaben humra.
Maman mai sauka, Domayo, Marwa

AMSA: Masha Allah, Allah ya sa albarka a karatun ya sa ya amfane shi. Hukunci na malamai ne ki tambayi malamin da ya yi masa sauka, amma abinda muka tashi muka ga iyaye nayi shine Alƙur'ani a wuri mafi tsawo, cikin gafaka ko tsabtataccen ƙyalle, ba'a ɗora komai akansa. Allon ki jingina shi a tsakiya, a buga ɗan siririn katako a gabansa kar ya zame, kuma in ya hau to shine adon wurin, kar a cunkushe shi da agogo da hotuna. Tawadar zayyana ruwa na wanke ta, dan haka shi kam ba tsumma mai laima, burushi mai laushi ko gashin kaza, kuma kar rana ta riƙa dukansa ta taga. Wanda ake karantawa kullum ki ajiye shi inda hannu ke kaiwa, in sai an jawo kujera kafin a ɗauko, karatun raguwa yake.

Kasko ki sauke shi. Garwashi akan katako kusa da silin hatsari ne, hayaƙin ma zai yi miki baƙin zobe a sama ya dusashe allon. Humra kuma zafi da haske ke kashe ƙamshinta, durowar ɗakin kwana ta fi mata.

TAMBAYA: Goggo naga ana sa fitila doguwa irin ta tsiri a saman bife tana canza launi, inaso in sa.
Wata 'yarki, Kuseri

AMSA: Ki sa, amma ki nemi mai launi ɗaya mai ɗan ruwan ƙwai, mai ja da kore da shuɗi tana walƙiya tana canza wa abinci kama a faranti kuma tana gajiyar da ido. A manna ta a bayan bakin nan na sama inda ba'a ganinta, hasken ya bugi bango da silin ya dawo kan kayan. Gam ɗin bayanta baya jure zafinmu, wata biyu zai saki, ki sa a kama ta da ƙananan maƙalai. Mai aikin lantarki ya haɗa miki, kar a bar waya tsirara ko ɗan akwatin wutarta ƙarƙashin zane ko jarida dan yana ɗumi, kuma in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ki cire ta daga soket kafin a dawo dashi.